Faɗuwar Wani Tashin Wani: Auna Ɓangaren Kasuwanci Kafin Sayen Hannun Jari

A ranar 14 ga Yuni, 2023, Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canjin kuɗin da yake gudanarwa, ya bar farashin dala a hannun masu saye da masu sayarwa, kuma tun daga wannan rana naira, wadda a hukumance ake canzar da ita wajen 460 kan kowace dala, ta kama gangara har ta kai kusan 900 a ƙarshen shekarar, sannan ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Mataki ɗaya ne, kuma ya auka wa dukkan kamfanonin da ke Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya a lokaci guda, amma da rahotannin ƙarshen shekara suka fito sai aka tarar kamfanin sadarwa na MTN Nigeria ya tafka asarar naira biliyan 137, alhali bankin Zenith ya bayyana ribar wajen naira biliyan 677, wato ninki uku na abin da ya samu a shekarar da ta gabata. Shugabannin MTN ba su manta sana'arsu cikin wata shida ba, haka na bankin ba su ƙara basira dare ɗaya ba. Ɓangaren kasuwancin da kowannensu yake ciki ne ya yanke masa rabonsa.

Hannun jari yanki ne na mallakar kamfani, wanda ke ba mai shi haƙƙin samun kaso daga ribar da aka raba da kuma ƙuri'a a babban taron shekara-shekara. Ɓangare kuwa, a bakin masana kasuwa, shi ne rukunin kamfanonin da ke cin abinci a kasuwa ɗaya, suna sayen ɗanyen kaya iri ɗaya, doka ɗaya kuma take hawa kansu, ta yadda idan gemun ɗaya ya kama da wuta sauran ba su da zaɓi sai su shafa wa nasu ruwa. A manyan kasuwannin duniya ana bin tsarin da kamfanonin MSCI da Standard & Poor's suka fito da shi a 1999, wanda a yau ya kasa kamfanoni gida 11. Kasuwar Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1960, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978 da Kano a 1989, kuma aka san ta da NGX tun 2021, tana da nata rabon, tana kuma fitar da ma'auni na musamman ga bankuna, inshora, kayan masarufi, kayan masana'antu, da man fetur da gas. Ma'auni a nan yana nufin adadin da ake lissafawa kullum daga farashin hannayen jarin zaɓaɓɓun kamfanoni, domin a ga ko rukunin gaba ɗaya ya hau ko ya sauka.

A ƙasar da kuɗinta ba ya zama wuri ɗaya, tambayar farko da ta kamaci kowane ɓangare ita ce da wane kuɗi yake karɓar cinikinsa, da wane kuɗi kuma yake biyan bashinsa da ɗanyen kayansa. Bankin da kadarorinsa na dala, kamar rancen da ya ba kamfanonin mai da takardun lamunin da ya saya a waje, suka zarce bashin dalar da ake bin sa, duk ranar da naira ta faɗi sai rarar ta kumbura idan aka mayar da ita naira a littafi, ko da kwabo bai shigo ba. Wannan ake kira ribar sake ƙima, kuma ita ce ta sa kakar manyan bankuna ta yanke saƙa a 2023. MTN kuwa a ɗaya gefen sikelin yake, domin naira yake karɓa daga mai sayen katin ɗari biyu da mai sayen data, amma hayar turakun sadarwar da yake biyan kamfanin IHS wani ɓangarenta a ɗaure yake da dala, na'urorinsa daga waje ake shigo da su, kuma janaretocin da ke gindin turakun dizal suke sha. Cinikinsa ya tashi daga naira tiriliyan 2.47 a 2023 zuwa tiriliyan 3.36 a 2024, amma a wannan shekara ta biyu asararsa ta kai biliyan 400, abin da ke nuna cewa yawan kwastoma bai isa ya ceci ɓangaren da ramin da ke ƙasan tulunsa ya fi bakinsa faɗi ba.

Abin da ya ƙara ɗaure MTN da takwarorinsa shi ne ba su ke yanke farashin hajarsu ba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke da wuƙa da nama a kan kuɗin kira da na data, kuma an shafe fiye da shekara goma ba ta amince da ƙari na gaba ɗaya ba, sai a Janairun 2025 da ta yarda a ƙara abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Kafin wannan, a Agustan 2024, MTN ya sake zama da IHS aka rage kason hayar da ke bin dala. Da waɗannan biyu suka haɗu da lafawar farashin canji, kamfanin ya ci riba a 2025. Wanda ya karanci ɓangaren ya san cewa ciwon ba na rashin masu saye ba ne, kuma maganinsa yana kan teburin hukuma. Wanda bai karance shi ba ya ga asara kawai, wataƙila ma ya sayar da nasa a lokacin da farashi yake ƙasa.

Kamfanonin kayan masarufi su ne suka fi ji a jikinsu, domin wuta biyu ce ta sa su a tsakiya. Nestlé Nigeria, mai yin Maggi da Milo da Golden Morn a masana'antarsa ta Agbara da ke jihar Ogun, yana ɗauke da rancen dala daga uwar kamfaninsa, don haka ya yi asarar naira biliyan 79.5 a 2023 da biliyan 164.6 a 2024, duk da cewa sayar da kayan kansa riba yake kawowa kafin a cire asarar canji. Shi babu hukumar da ta hana shi ƙarin farashi, amma akwai aljihun uwargida, wadda a shekarar 2024 da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba ta bar sayen gwangwani ta koma ƙaramar leda, ta bar ƙunshin dunƙule ta koma ƙirga ɗai-ɗai a wurin mai tireda, ko kuma ta koma ga daddawa. Littattafan kasuwanci na Turai da Amurka sukan kira abinci da sabulu ɓangaren mafaka, bisa hujjar cewa ko tattalin arziki ya yi sanyi mutane ba sa daina ci da wanka. Hujjar tana da gaskiyarta a can, amma a inda ɗanyen kaya ke zuwa ta jirgin ruwa kuma ake biyansa da dala, mafakar kan yi yoyo, kuma janyewar GlaxoSmithKline da Procter & Gamble daga gudanar da harkokinsu kai tsaye a Najeriya, wadda suka sanar a 2023, shaida ce a kan haka.

Sai dai a cikin wannan rukuni ma ba a taru an zama ɗaya ba. Dangote Sugar, wanda ke shigo da ɗanyen sukari daga Brazil yana tacewa a Apapa, yayin da gonar rakensa ta Numan a Adamawa ke cike ɗan kaso kawai na buƙatarsa, ya yi asarar wajen naira biliyan 74 a 2023, amma BUA Foods, wanda shi ma yake harkar sukari da fulawa da taliya, ya ci gaba da cin riba. Saboda girman BUA Foods a cikin lissafin, ma'aunin kayan masarufi ya yi ta hawa a daidai lokacin da da yawa daga cikin 'yan rukunin suke cikin asara, don haka mai duban ma'auni kaɗai zai iya yi wa rogo kallon kitse.

Akasin wannan hali shi ne na manja. Okomu da Presco, dukansu masu gonakin kwakwar manja a jihar Edo, suna biyan leburori da yawancin hidimar gona da naira, amma da yake Najeriya ba ta noma abin da zai ishe ta, farashin manja a cikin gida yana bin na wanda ake shigowa da shi daga Malesiya da Indunusiya, saboda haka duk faɗuwar naira ƙarin farashi ce gare su ba tare da sun roƙi kowa ba. Ga shi kuma bishiyar tana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara ba da 'ya'ya, abin da ke hana sabon shiga ya tsallako kasuwar da gaggawa don ya ga ana samu. Rauninsu yana wurin gwamnati, domin wani kaso na wannan tagomashi katangar haraji ce ta kawo shi, kuma katanga irin wannan alƙalami ne ke gina ta, alƙalami ke rushe ta. Jerin kayayyaki 41 da Babban Banki ya hana wa dalar hukuma a 2015, wanda ya haɗa da manja da shinkafa da siminti, an soke shi a Oktoban 2023.

Batun gasa ya fi fitowa fili a siminti. A 1979 Michael Porter na Jami'ar Harvard ya bayyana cewa ribar kowane ɓangare tana rataye ne a kan abubuwa biyar: zafin gasa tsakanin waɗanda ke ciki, sauƙin shigowar sababbi, samuwar abin da zai maye gurbin hajar, ƙarfin masu kawo ɗanyen kaya, da ƙarfin masu saye. Idan aka ɗora simintin Najeriya a kan wannan sikeli, kusan ko'ina ya rinjaya. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar, wato Dangote mai masana'antu a Obajana da Ibese da Gboko da Okpella, da BUA mai Kalambaina a Sakkwato da Obu a Edo, sai Lafarge mai Ewekoro da Mfamosing da Ashaka a jihar Gombe. Dutsen farar ƙasa a gindin masana'anta ake haƙo shi, gina sabuwar masana'anta yana cin ɗaruruwan miliyoyin daloli, buhu mai kilo 50 yana da nauyin da ke sa jigilarsa daga nesa ta cinye riba, kuma mai ginin da ya kai linta ba shi da abin da zai zuba a madadinsa. Gas ɗin da ke hura murhun da kayan gyaran injuna suna bin dala, amma kamfanonin sun iya ɗora wannan nauyi a kan mai saye, har ta kai buhu ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa a farkon 2024, gwamnati ta kira su zama a watan Fabrairu aka tsayar da magana a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Wannan zama kansa ishara ce cewa a Najeriya akwai ƙarfi na shida da ya kamata a ƙara a kan biyar ɗin Porter, wato hannun hukuma, kuma sau da yawa ya fi sauran nauyi. Akwai kuma abin lura ga ƙaramin mai zuba jari: fiye da kashi 80 cikin ɗari na Dangote Cement da na BUA Cement suna hannun masu kamfanonin, don haka abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne, kuma ciniki ƙalilan kan iya ɗaga farashi ko ya kayar da shi.

Komawa ga bankuna ya zama dole, domin labarinsu bai ƙare a ribar 2023 ba. A watan Satumbar wannan shekara Babban Banki ya hana su amfani da ribar sake ƙima wajen biyan masu hannun jari ko gudanar da ayyukan yau da kullum. A 2024 Majalisar Tarayya ta ɗora harajin kashi 70 cikin ɗari a kan ribar canjin da suka samu a hannu, kuma a ranar 28 ga Maris na shekarar aka umarce su da su ƙara jari kafin ƙarshen Maris 2026: naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, biliyan 50 ga na shiyya. Ƙarin jari yana nufin fitar da sababbin hannaye, kuma idan masu cin tuwo suka ƙaru alhali malmala ba ta ƙaru ba, lomar kowa raguwa take yi. Shi ya sa ma'aunin bankuna, wanda ya ninka har da ɗoriya a 2023, bai tashi da abin da ya wuce wajen kashi ɗaya cikin biyar ba a 2024, ƙasa da hauhawar farashi, a shekarar da Zenith da GTCO kowannensu ya haura ribar naira tiriliyan ɗaya. Ribar ɓangare daban, abin da ya isa aljihun mai hannun jari daban.

Waɗanda suka manyanta a kasuwar suna da dalilin yin kaffa-kaffa da wannan rukuni. Bayan haɗewar bankuna ta 2004 zuwa 2005 a zamanin gwamnan Babban Banki Charles Soludo, wadda ta mayar da 89 zuwa 25, bankuna sun mamaye fiye da rabin ƙimar kasuwar, suna kuma ba mutane rance su sayi hannayen jari, har da na bankunan kansu. Babban ma'aunin kasuwa ya haura 66,000 a Maris 2008, ya rikito zuwa wajen 20,000 bayan shekara guda. A ranar 14 ga Agusta, 2009, gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, aka zuba musu naira biliyan 420, kuma a 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu ajiya suka tsira, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Ma'aikata da 'yan fansho da yawa a lokacin sun ɗauka sun rarraba jarinsu don sun sayi bankuna biyar ko shida, alhali kwando ɗaya ne suka zuba ƙwansu duka a ciki.

Kuɗin ruwa ma yana raba ɓangarori kamar yadda canji ke yi. Daga Fabrairu zuwa Nuwamban 2024 Babban Banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari, abin da ya ƙara wa masu ba da rance samu, ya kuma shaƙe masana'antun da ke gudana a kan bashi. Da takardun lamunin gwamnati na shekara ɗaya suka fara biyan sama da kashi 20, masu manyan kuɗi da yawa suka ga ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. A nan ne ake buƙatar awon farashi da riba, wato a raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da ta faɗa masa a shekara, ta yadda hannun naira 40 mai ribar naira 10 awonsa huɗu ne. A ƙarshen 2024 manyan bankuna da dama awonsu bai kai uku ba, yayin da na manyan kamfanonin siminti biyu ya haura goma, kuma kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa banki araha ne siminti tsada, domin kasuwa tana rage wa banki daraja ne saboda tana shakkar ɗorewar ribarsa. Awon yana da amfani idan an gwada banki da banki, siminti da siminti.

Akwai kuma ɓangaren da ba jiran juyawar kasuwa yake ba, mutuwa yake yi a tsaye. Masaƙun Kakuri a Kaduna, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 har zuwa United Nigerian Textiles, wanda a lokacin hannayen jarinsa suke kasuwa kuma ya rufe masaƙarsa a 2007, sun taɓa zama cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, da atamfar China da ke kwararowa ta fasa-ƙwauri tana cika Kantin Kwari a Kano a farashin da masaƙar gida ba za ta iya karawa da shi ba, su suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya, masu kyakkyawan shugabanci da marasa shi. Arahar hannun jari a irin wannan rukuni tarko ce.

Sunan ɓangare shi ma yakan ɓatar. A ƙarƙashin man fetur da gas akwai masu haƙowa irin su Seplat da Aradel, waɗanda ke sayar da ɗanyen mai da dala, akwai kuma masu gidajen mai irin su Conoil da TotalEnergies Marketing, waɗanda ke sayar da lita da naira a kan ƙaramar riba, kuma cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da fara fitar da fetur daga matatar Dangote a Satumban 2024 suka sauya musu lissafi gaba ɗaya. Kamfanonin samar da wuta kamar Geregu da Transcorp Power sukan rubuta riba mai kyau a takarda, amma mai biyansu yakan yi jinkiri, don haka a wurinsu bashin da suke bi ya fi ribar da suka rubuta cancantar a duba.

Ga mai kiyaye hukuncin Shari'a, zaɓen ɓangare ya riga komai, tunda bankunan kuɗin ruwa da inshorar da ba takaful ba da kamfanonin giya duk sun fita daga lissafinsa, haka ma kamfanin da bashinsa mai ruwa ya wuce wajen kashi ɗaya cikin uku bisa awon da masu tantancewa suke bi. Kasuwar tana da ma'auni na musamman a kan haka, wanda aka ƙaddamar tare da Lotus Capital a 2012, kuma bankin Jaiz yana cikin kasuwar tun 2017. Sakamakon wannan tacewa shi ne abin da ya rage masa ya fi karkata ga siminti da sadarwa da abinci da manja, waɗanda biyu daga cikinsu su ne faɗuwar naira ta fi bugawa, don haka buƙatarsa ta auna nauyin kowane rukuni a jakarsa ta fi ta kowa. Mai saye daga Nijar, wanda kasuwarsa ita ce BRVM da ke Abidjan, tambayar canji ba ta matsa masa haka ba, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, amma tambayar wanda ke yanke farashi da ta hannun hukuma suna nan daram.

Babban ma'aunin kasuwar Legas ya tashi da kashi 37.65 cikin ɗari a 2024, ratar da ke tsakaninsa da hauhawar farashi ba ta kai maki uku ba, amma a ƙarƙashin wannan adadi guda ma'aunin man fetur da gas ya ninka har da ƙari yayin da na bankuna ya gaza kamo tsadar rayuwa. Mai niyyar saye ya fara neman amsar abu uku game da rukunin da ya sa wa ido: kuɗin da yake karɓa da wanda yake biya, wanda ke da ikon ƙara masa farashi, da irin dokar da za ta iya sauya masa lissafi. Amsar ta farko tana cikin rahoton shekara na kowane kamfani, a sashen ƙarin bayanai da ke bayan lissafin kuɗi, inda ake jera kadarori da basussuka na dala tare da abin da zai faru da riba idan naira ta ƙara faɗuwa, kuma ana samun waɗannan rahotanni kyauta daga Kasuwar ko daga dillalan da ke da rajista da hukumar SEC.